Sifili Ɗaya da Maruƙan Yaya Modi

Na daɗe ina kewaye wannan babin. Na rubuta muku yarintata a Kebbe, na rubuta aurena da Innarku, na rubuta shekarun da na yi ina koyar da lissafi a sakandare a Tambuwal, amma duk sanda na iso nan sai in rufe littafin in ce sai gobe. Yanzu ido ya fara gajiya, masallaci ma sai da sanda nake zuwa, don haka ban ga wata goben da zan ci gaba da jira ba. Abin da kuka sani, ku 'ya'yana, shi ne mahaifinku ya taɓa gyara wani abu na kwamfuta har mutanen wasu ƙasashe suka yi masa godiya. Wannan gaskiya ne, amma rabin labarin ke nan. Ragowar ita ce nake so ku ji daga bakina kafin ku ji ta daga bakin wani.

Baffanku Modi, wanda ni nake kira Yaya, ya girme ni da shekara goma sha biyu. Da mahaifinmu ya rasu, shi ya riƙe gida, ya riƙe gona, ya riƙe shanun da aka bar mana. Shi ya hana a cire ni daga makaranta lokacin da dangi suka ce hannu ɗaya ba zai iya da garke ba. Na girma na zama malami, ina zuwa Kebbe ran hutu da farar riga, ina tsayawa a bakin garke kamar baƙo. Ban iya tatsa ba, ban san saniyar da za ta haihu ba sai an nuna mini. Yaya bai taɓa goranta mini ba, amma ni abin yana damuna. Ina so a ce ilimin da ya sha wahala a kansa ya taɓa yi wa shanunsa amfani ko da sau ɗaya ne.

A shekarun ƙarshe na aikina na koyi rubuta manhaja. Wata tsohuwar kwamfuta na samu, nake zama da ita bayan an tashi daga makaranta, a ofishin malamai inda akwai wutar sola. Da hannuna ya ɗan faɗa, sai na yi wata ƙaramar manhajar waya saboda masu dabbobi. Mutum zai auna ƙirjin dabba da tef ɗin awo, wayar ta ƙiyasta masa nauyinta, ya zaɓi magani, ta faɗa masa yawan da zai ba ta. Na saya wa Yaya waya, na saka masa, na koya masa. Ranar da ya fara gwadawa a kan wani bijimi, ya daɗe yana kallon lambar, sannan ya yi dariya.

"Ashe bokon nan naka shina shiga garke, Ummaru."

Ban san ranar da na yi farin ciki irin na wannan ranar ba.

Dole in bayyana muku abu ɗaya, don in ba ku gane shi ba, ba za ku gane sauran ba. Mai rubuta manhaja ba ya rubuta komai da kansa. Akwai tarin ƙananan ayyuka da wasu mutane suka riga suka rubuta suka ajiye kyauta don kowa ya ɗauka, ana kiransa laburare. Ni ma na ɗauki wani ƙarami, mara nauyi, wanda ya dace da wayoyi masu araha. Ɗaya daga cikin ayyukansa shi ne ya karanta rubutu ya mayar da shi lamba. Idan ka rubuta 2.5, a wurin kwamfuta alamomi uku ne kawai a jere: biyu, ɗigo, biyar. Sai wani ya karanta mata su ya ce wannan biyu da rabi ne kafin ta iya lissafi da su. Laburaren ne yake yin wannan karatun. Na rubuta jerin magunguna da yawan da ake ba kowane kilo na nauyin dabba, shi yana karantawa, manhajata tana ninkawa. Ban taɓa buɗe cikinsa na duba yadda yake karatun ba. Na ɗauka wanda ya rubuta ya fi ni sani.

Wanda ya taimake ni da jerin magungunan shi ne Malam Altine, mai sayar da maganin dabbobi a kasuwar Kebbe. Mutumin Fakku ne, siriri, mai magana a hankali, tabaransa a ɗaure da zare ta gefe ɗaya. Ya fi shekara ashirin a rumfar nan. Makiyaya masu wucewa da na gida duk wurinsa suke zuwa, domin an san shi da cewa in magani ya wuce lokacinsa zubarwa yake yi a gaban kowa. Ba shi da babbar waya kuma bai damu da ita ba, amma ya zauna da ni ran kasuwa uku yana juya kwalabe, yana karanta mini, ina rubutawa.

A farkon daminar wannan shekarar, sabon maganin tsutsar ciki ya zo masa. Na same shi a rumfa tare da Yaya. Ya ɗaga kwalbar ya nuna mini.

"Malam Ummaru, wanga ba irin wanda munka saba da shi ba na. Ƙarfi gare shi ƙwarai. Ɗan kaɗan ya isa."

Na karanta jikin kwalbar, na rubuta abin da na gani a cikin jerina: 0.05 ga kowane kilo. Daidai na kwafe, ko ɗigo ban kuskure ba. Malam Altine ya juya wajen Yaya zai fara yi masa bayanin yadda zai auna, sai Yaya ya ɗaga hannu yana murmushi.

"Bar shi, Altine. Wayar Ummaru za ta faɗi."

Bayan kwana huɗu, da hantsi, ina cikin aji aka kira ni a waya. Matar Yaya ce, tana kuka, ban iya gane komai ba sai kalmar maruƙa. Na bar alli a kan tebur na hau babur. An yi ruwa da asuba, hanya ta yi laka, sau biyu ina sauka ina turawa. Kafin in isa an gama komai. Maruƙa goma sha ɗaya Yaya ya ɗura wa maganin bayan tatsar safe. Ba a yi sa'a guda ba suka fara dalalar da yawu, jikinsu yana rawa, suna faɗuwa suna shure-shure. Tara sun mutu, biyu suka tashi da kyar. Wani maƙwabci ya zo da wuƙa ya ce a yanka waɗanda ke da sauran numfashi kada a yi asara duka, Yaya ya hana, ya ce ba zai ciyar da mutane abin da bai san mene ne ba. Rami aka haƙa a bayan garke. Na tarar da shi tsaye a bakin ramin da galma a hannu, ƙafafunsa duk laka. Da yamma iyayen suka dawo daga kiwo, suka tsaya inda aka saba ɗaure 'ya'yansu suna kuka. Kwana uku suna yi. Wanda bai taɓa jin wannan kukan ba, ba zan iya kwatanta masa ba. Maruƙan nan su ne haihuwar shekarar gaba ɗaya, kuma biyu daga ciki jikokin wata farar saniya ce da mahaifinmu ya fi so.

Ran kasuwa Yaya ya ɗauki kwalbar ya nufi rumfar Malam Altine, na bi shi. Yaya ba mai faɗa ba ne, ban taɓa jin ya ɗaga murya a bainar jama'a ba sai ranar. Ya dangwarar da kwalbar a kan tabarma ya ce jabu aka sayar masa, guba aka ba shi. Mutane suka taru. Malam Altine ya cire tabaransa, ya goge, ya mayar.

"Allah shi mayar maka da alheri, Modi. Amma nawa kab ba su?"

"Abin da waya tac ce."

"To nawa tac ce?"

Yaya ya nuna da yatsa a jikin sirinjin ɗura. Na ga fuskar Malam Altine ta canza. Ni ya kalla, ba Yaya ba. Jama'a ma suka juyo suna kallona. Ni kuwa na gyara tsayuwa na ce, da muryar da nake magana da ita a aji:

"Abin da ke jikin kwalba na kwafe, a gabanka. Kwamfuta kuwa ba ta kuskuren lissafi."

A lokacin na yarda da abin da na faɗa, ko kuma ina so in yarda. Jama'a suka gaskata ni, domin ni malami ne, kuma yawan da Yaya ya nuna bai wuce wanda kowa ya saba ɗura wa maraƙi da tsohon magani ba. Malam Altine ya buɗe baki zai yi magana, hayaniya ta danne shi.

Kallon da ya yi mini ne ya bi ni har Tambuwal. Washegari bayan an tashi daga makaranta na buɗe kwamfuta, na ba laburaren 0.05 na ce ya karanta ya dawo mini da ita. Ya dawo mini da 0.5. Na sake, ya sake. Na buɗe cikinsa a karo na farko, layuka kaɗan ne. Yana ɗaukar abin da ke gaban ɗigo daban, na bayan ɗigo daban. Na bayan ɗigon, wato sifili da biyar, sai ya karanta shi a matsayin cikakkiyar lamba, kuma kun san sifili a gaban biyar ba ya ƙara komai, don haka ya zama biyar kawai. Sannan ya ƙirga ya ga lamba ɗaya ce, ya mayar da ita bayan ɗigo. Sifilin ya ɓace a hanya. Duk magungunan da na saka a baya irin su 0.3 ne da 1.2, babu mai sifili bayan ɗigo, shi ya sa kuskuren ya kwanta bai taɓa fitowa ba. Ninki goma Yaya ya ɗura wa maruƙansa, da hannunsa, saboda ni na ce ya yarda da waya.

Ban san yadda na kai gida ba. Innarku Hajara tana tsakar gida tana tankaɗe, ta dube ni ta ajiye rariya. Na faɗa mata komai, har na zana mata a ƙasa da tsinke. Ba ta yi boko mai zurfi ba, amma ta gane nan take.

"Ke nan Malam Altine ba shi da laifi."

"Ba shi da shi."

"To Malam, babur ɗinka yana da mai?"

Na ce mata ba yau ba. Na ce zuciyar Yaya tana da zafi yanzu, a bari ta huce. Na ce ba zan je da baki kawai ba, sai na gyara abin tukuna, in je in ce ga kuskure ga kuma gyara. Na ce ai ba ni na rubuta laburaren ba. Dalilai na yi ta jerowa, kowanne yana da kamar gaskiya. Ta saurare ni har na gama, ta ɗauki rariyarta.

"Shi kuma mai rumfa, da mi za shi jira?"

Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Ba tsoron faɗan Yaya ba, tsoron in ga dariyar nan da ya yi a gaban bijimi ta koma wani abu dabam. A makon na bi mutanen da na saka wa manhajar, ba su wuce goma sha biyar ba, na cire sabon maganin daga wayoyinsu, na ce musu sabuntawa nake yi. Wannan kaɗai na yi daidai a lokacin, kuma shi ma a ɓoye na yi shi.

Daga nan na duƙufa a kan laburaren. Mai kula da shi wata mata ce a wata ƙasa mai nisa, ban taɓa ganin fuskarta ba, da Turanci muke rubuta wa juna. Na aika mata bayanin kuskuren. Ta amsa da sauri, ta yi godiya, ta tambaye ni yadda aka yi na gano shi. Na rubuta mata cewa wajen gwaji ne. Ta ce in zan iya, in rubuta gyaran da kaina.

Na zaci aikin kwana biyu ne: a ƙirga alamomin bayan ɗigo har da sifili, shi ke nan. Na yi, na aika. Ta dawo mini da shi ta ce sifilin ya gyaru, amma tunda an buɗe wurin gara a yi shi yadda ya kamata, ta haɗo mini da wasu lambobi ta ce in gwada. Na gwada, na ga amsoshina suna kaucewa kaɗan a can ƙarshen lamba. A nan na koyi abin da shekara talatin ina koyar da lissafi ban sani ba. Kwamfuta ba goma-goma take ƙirga ba, biyu-biyu take yi, kuma gurbin da take ajiye lamba yana da iyaka. Saboda haka akwai lambobin da ba za ta iya riƙe su cif ba, har da 0.05 ɗin nan. Iyakar abin da za ta iya shi ne ta riƙe wadda ta fi kusa. Aikin mai karatu nagari shi ne ya samo mafi kusan, ba ta kusa da mafi kusan ba. Ni kuwa ina ta rabawa da goma sau da yawa, kowace rabawa tana ƙara ɗan kuskure a kan na baya. Sai da na sake hanya: in tattara duk lambobin wuri ɗaya a matsayin cikakkiyar lamba, in riƙe a gefe ko ɗigon gurbi nawa ya matsa, in yi rabawar sau ɗaya tak. Inda lambar ta yi tsawo, ko ta faɗo kusan tsakiyar maƙwabta biyu, sai a bi doguwar hanya a yi lissafin dalla-dalla ba tare da yanke komai ba. Wannan sashen shi ya ci mini damina. Na cika littattafan rubutu uku da lissafin hannu don in tabbatar da abin da injin yake ba ni.

Ga abin da ya fi ba ni kunya, kuma sai na faɗe shi: na ji daɗin aikin. Akwai yammacin da gwaje-gwajena suka wuce duka ba tare da ko ɗaya ya faɗi ba, na tashi ina zagaya ofis ni kaɗai kamar yaro. A watannin nan rumfar Malam Altine tana mutuwa. Na gida suka daina zuwa, makiyaya masu wucewa suka ji labari tun kafin su iso. Yaya kuwa duk wanda ya zo masa jaje sai ya maimaita masa cewa Altine ne ya kashe masa maruƙa. Ina zuwa Kebbe ina jin haka da kunnena, ina sunkuyar da kai a kan ƙwaryar fura. Kafin gero ya fitar da kai, Malam Altine ya kwashe kayansa ya koma Fakku.

Akwai abu ɗaya da muka yi jayayya a kansa da matar nan mai kula da laburaren. Na lura laburaren in ya ci karo da abin da bai gane ba, kamar 2,5 da waƙafi, yadda ake rubutawa a jikin magungunan da ke shigowa daga ƙasashe renon Faransa, sai ya tsaya a nan ya ba da 2, bai ce komai ba. Na ce dole ya ƙi, ya sanar cewa bai gane ba. Ta ce hakan zai dagula wa mutanen da suka saba da tsohon halinsa. Na rubuta mata doguwar wasiƙa cewa amsar ƙarya da aka bayar shiru ta fi ƙin amsawa haɗari, domin wanda aka ba ba shi da hanyar sani. Ta yarda. Na zo gida ina ba Innarku labari da jin kai, na fassara mata abin da na rubuta. Ba ta ɗago daga tsintar shinkafarta ba.

"Kai ka rubuta wannan, Malam?"

"Ni na rubuta."

"To."

Ta ci gaba da tsintarta. Ban iya cin tuwon ranar ba.

An karɓi gyaran bayan an yanke gero. Mai kula da laburaren ta saka sunana a cikin waɗanda suka taimaka, wasu mutane da ban sani ba suka rubuto suna godiya. Dalilina na ƙarshe na jinkiri ya ƙare. Ran Asabar na hau babur.

Na sami Yaya a gona yana ɗaurin dawa. Na ce ya zauna ina da magana. Na faɗa masa tun daga farko, ban rage komai ba. Da na zo kan sifilin ya ce in bar wannan, ba ya buƙata. Tambaya ɗaya ya yi mini.

"Yaushe kas sani?"

"Washegarin ranar kasuwa."

Ya ƙirga da yatsunsa a hankali, kamar mai ƙirga watannin cikin saniya.

"Wata biyar. Maruƙa na Allah na, Ummaru, shi yab ba mu, shi yak karɓa. Da ka faɗa man ran nan, da mun yi kuka tare mun tashi. Amma wata biyar kana zaune gabana, ina cin naman bawan Allah, kana kallo. Kai kab bar ni ina ɗaukar wanga zunubi."

Hawaye ne a idonsa, abin da ban gani ba ko ranar ramin. Ya miƙe ya karkaɗe rigarsa ya ce in tayar da babur. Har Fakku bai ko riƙe kafaɗata ba duk da ramukan hanya.

Mun sami Malam Altine a ƙofar gida yana gyaran igiyar guga. Ya rame. Ya shimfiɗa mana tabarma, ya kawo ruwa, ya gaishe mu kamar babu komai. Yaya bai zauna a tabarmar ba, a ƙasa ya durƙusa ya nemi gafara. Sannan na yi nawa bayanin. Malam Altine ya saurara har ƙarshe, har sifilin ma ya ce in zana masa, ya duba da kyau ta cikin tabaransa.

"Na san maganina lafiya lau shike," in ji shi. "Ragowar kwalaben awakina nab ba, yadda anka rubuta, ga su can suna kiwo. Tun ran nan na gane inda abin yake. Amma wa za shi ji ni, ga malami ya yi magana?"

Na ce ya yafe mini.

"Na yafe, duniya da lahira. Abu guda nika roƙo. Inda anka faɗi waccan, a je a faɗi wagga."

Ran kasuwa na tsaya a gaban tsohuwar rumfarsa, wadda wani mai sayar da takalman roba ya riga ya shiga. Yaya yana gefena. Na ɗaga murya na ce maganin Malam Altine ba jabu ba ne, wayata ce ta ba da lissafin da ba daidai ba, kuma na san haka tun da daɗewa na yi shiru. Waɗanda suka taru ba su kai rabin na ranar farko ba. Wasu suka girgiza kai suka ce Allah ya kyauta. Na ji wani a bayana yana cewa rufa wa Altine asiri kawai ake yi, ai kwamfuta ba ta kuskure, malamin da kansa ya faɗa. Makiyayan da suka tafi da labarin farko kuwa sun riga sun yi kudu da shanunsu, ba wanda zai bi su ya gyara.

Malam Altine bai koma kasuwa ba. Yaya ya roƙe shi, na roƙe shi, ya ce zuciyarsa ta fita daga sana'ar. Noma ya ci gaba da yi, ga shi ba ƙarfi gare shi ba. Bayan damina biyu ya kwanta ciwo ya rasu. Muna cikin waɗanda suka ɗauki makararsa.

Tsakanina da Yaya ba a yi gaba ba. Yana zuwa sunan 'ya'yanku, yana aiko mana da nono da man shanu kamar kullum, in na je yana tambayar lafiyar kowa ɗaya bayan ɗaya. Amma hirar da muke yi a da, wadda zai faɗa mini abin da ke ransa, ta ƙare a gonar dawar nan. Shekara shida muka yi a haka. A ciwonsa na ƙarshe na je na zauna da shi kwana tara. Ana saura kwana biyu ya rasu, bayan la'asar, ya sa aka fita aka bar mu. Na zaci maganar shanu zai yi, ko ta 'ya'yansa. Ya kama hannuna, hannunsa ba nauyi.

"Gidan Altine," ya ce. "Kowace kaka ina kai masu dame goma. Ban faɗa ma kowa ba. Kada a yanke."

Ban yanke ba. Tun rasuwarsa ni nake kaiwa, Innarku kaɗai ta sani, kuma yanzu ku ma kun sani. Bana da kyar na iya hawa bayan babur, kuma ban jin zan iya baɗi. Gidan yana gabas da masallacin Juma'a na Fakku, akwai bishiyar tsamiya a ƙofa. Matarsa tana raye, sunanta Inna Kulu, ba ta ji sosai, sai kun ɗaga murya. In kun je kada ku aika a shiga da hatsin ku tsaya a waje. Ku shiga ku durƙusa ku gaishe ta, ku faɗa mata ku 'ya'yan wane ne.